Yadda Ake Gane Kujerar Zamanin Luwi na 16

Malam, ka tambayi yadda za ka bambanta kujera mai adon zinariya ta zamanin Sarki Luwi na 16 na Faransa da ta zamanin kakansa, Luwi na 15. Ka fara duba ƙafafu. Na zamanin kakan a lanƙwashe suke, amma bayan an soma tono tsofaffin garuruwan Rumawa da ke binne a Italiya, wato Harkulaniyam a 1738 da Fomfei a 1748, sai masassaƙan Faris, irin su Georges Jacob, suka koma kwaikwayon ginshiƙan Rumawa: ƙafa miƙaƙƙiya mai tsagi-tsagi wadda take sirancewa zuwa ƙasa, da ɗan fure a cikin murabba'i a samanta.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne zinariyar kanta. Ba shafa ta aka yi kamar fenti ba. Alli da gam ake fara shafawa, a bi da jar laka, sannan a manna ganyen zinariya a goge shi da dutse. Saboda haka inda hannu ya cinye ta za ka ga ja yana leƙowa. Don Allah kada ka bari a rufe wannan da sabon fenti.