Tambaya da Amsa: Akwai jami'ar mata zalla?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ɗiyata ta ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, bana, kuma karatun likita take so. Babanta ya ce ba za ta zauna aji ɗaya da maza ba, sai dai in an samo jami'ar mata zalla. Ni kuwa ban taɓa jin irinta ba. Da gaske akwai? Daga wata uwa a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah Ya sa wa karatun yarinya albarka.

Akwai su, kuma ba yau aka fara ba. A Amurka wata malama, Mary Lyon, ta buɗe Mount Holyoke tun 1837. A Ingila an kafa wa mata kwalejin Girton a 1869, wadda yau take cikin jami'ar Kambirij, amma sai a 1948 jami'ar ta yarda ta ba mata cikakken digiri. Kin ga ke nan, yawancinsu an gina su ne don an rufe wa mata ƙofar sauran makarantu. Shi ya sa da ƙofa ta buɗe, wasu suka fara ɗaukar maza, kamar Vassar a 1969, da ita Girton ɗin a 1979. Wasu kuma suna nan a yadda suke, irin su Ewha ta Koriya ta Kudu, wadda ta soma da ɗaliba ɗaya tak a 1886.

Wadda nake so maigida ya ji labarinta ita ce ta Sudan. A 1907 wani dattijo musulmi, Babikir Badri, ya buɗe makarantar 'yan mata a garin Rufa'a, ya fara da ɗiyan gidansa da na maƙwabta. A 1966 ɗansa Yusuf ya kafa Ahfad a Omdurman, wadda ta zama jami'ar mata har da sashen likitanci. Labarin nan yana taɓa min zuciya, domin uba ne ya ɗauki nauyin abin da kansa. Sai dai yaƙin da ya ɓarke can a 2023 ya sa ba zan ce ki tura ɗiyarki yanzu ba. Akwai kuma jami'ar Gimbiya Nura a Riyad ta Saudiyya, wadda ta fi kowace jami'ar mata girma a duniya, amma zuwa can sai da tallafin karatu da Larabci mai ƙarfi.

A nan gida, Jami'ar Musulunci ta Say tana da reshen mata a Yamai. In yarinya na son Larabci da ilimin addini, wuri ne da ya dace a duba. Likitanci kuwa, ga shi a bakin ƙofarku, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, maza da mata tare.

Ban ga laifin maigida ba, tsoro ne na uba. Nawa mahaifin, Allah Ya jiƙansa, sai da ya raka ni Yamai da kansa, ya ga ɗakin da zan kwana, sannan hankalinsa ya kwanta. Amma ina jin tsoron a ce ana jiran jami'ar mata, shekara ta wuce, wata ta bi ta, takardar bak ta tsufa cikin akwati. Na ga haka ta faru da 'yan mata masu ƙwaƙwalwa, kuma har yau abin yana min ciwo. Ki tuna masa cikin ladabi cewa ran da kika je asibiti, shi da kansa ya fi son mace ta duba ki.

Ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, su je jami'ar tare ya ga azuzuwan da idonsa. Yarinya za ta iya kwana gida, ta tafi da safe ta dawo da marece. Ku dai hanzarta haɗa takardunta kafin a rufe rajista.