Amsa kan man goge da soson da ke cire saƙar gizo-gizo a fentin mota

Malam, ka ce Camry ɗinka baƙa ce, idan rana ta haska ta sai ka ga siraran karce zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo, kuma kana neman sanin mai da soson da za ka saya. Kafin ka kashe ko kobo, ja farcenka a hankali a kan karcen. Idan farce ya wuce sumul, aikin goge ne. Idan ya sarƙe, karcen ya yi zurfi, sai dai a rage masa kaifi, ba zai ɓace ba. Idan kuma saman motar ya fara yin fari-fari yana ɓamɓarewa, rana ta riga ta cinye kiliya, wato siririn shafi marar launi mai sheƙi da ke saman fentin, wannan sai mai fenti.

Goge ba ya cike karce. Kankare kiliyar da ke kewaye da shi ake yi har ta yi daidai da gindin karcen. Kiliyar da mota ke fitowa da ita daga kamfani kuwa kaurinta wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, kusan rabin kaurin takardar firinta guda. Abin da inji ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa ake farawa da mafi laushi, sai ya gaza a ƙara kaushi.

Fentin Toyota da Honda galibi mai taushi ne, baƙinsu ma ya fi. Na Mercedes da Audi da Volkswagen ya fi tauri. To a taka motar, ka fara da man goge mai laushi, Meguiar's M205 ko Menzerna 3500, a kan farin soson Lake Country. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Idan bai ciro ba, ka bar man yadda yake ka sauya soso zuwa mai ruwan lemo, wanda ya ɗan fi ci. Idan har yanzu da saura, sai ka hau Menzerna 2500. M105 da Menzerna 400 da soson ulu ko na maikurofaiba na fenti mai tauri ne ko karce mai yawa, kuma a baƙar mota suna barin hazo, dole ka bi bayansu da mai mai laushi. Kada launin soso ya ruɗe ka, kowane kamfani da nasa tsarin: wajen Rupes shuɗi ne mai kaushi, rawaya mai laushi, fari ya fi duka laushi. Ka matsa shi da yatsa, ka karanta kwalinsa.

Batun inji, idan hannunka bai saba ba ka nemi DA, wanda ke juyawa yana kuma karkarwa. Rotari, irin wanda masu fenti ke riƙewa, yana da sauri amma yana tara zafi wuri ɗaya. Daƙiƙa kaɗan a kan kusurwar fenda sai ka ga shafen da ke ƙarƙashin fentin ya leƙo, ga kuma ƙyallin zane da yake bari a rana. Faifan inji da ake manna soso a kai mai inci 5 da soso inci 5.5 sun fi inci 6 sauƙin sarrafawa.

A wanke motar tas, a bi ta da laka ta musamman ta cire ƙazantar fenti har tafin hannu ya daina jin yashi-yashi, a shanya. A liƙe robobi da baƙin filastik da salatif ɗin takarda, don mai yana barin farin tabo a kansu. Sannan ka ware wuri guda a bonet, kamar santimita 50 kowane gefe, ya zama wurin gwaji. Sabon soso ka fara shafa masa mai kaɗan ya ratsa fuskarsa, daga nan ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake. Ka dangwala a wurin, ka baza da gudun inji a lamba 1 ko 2, sannan ka kai 4 ko 5. Tafiyar hannu a hankali, kamar santimita 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, a tsaye sannan a kwance, sau huɗu zuwa shida. Soso ya kwanta daidai. Ka ja layi da alƙalamin maka a bayan faifan: idan layin ya daina zagayawa, ka danna da yawa ko ka karkace, injin karkarwa kawai yake ba ya ci.

Ka share da tawul ɗin maikurofaiba, sannan ka fesa isofurofil, wani nau'in sifirit, da aka sirka, kashi ɗaya cikin biyar ko shida na ruwa, ka sake sharewa. Wannan ne ke fasa ƙwai, domin maiƙon da ke cikin man yana ɓoye karce, ka ga ta yi kyau yau, wanki biyu ya dawo. Haska da tocilar waya daga gefe ko ka fito da ita rana. Haɗin da ya yi aiki a nan shi za ka bi duk motar da shi.

A inuwa ake aikin, ƙarfe ya huce. A kan zafi mai yana bushewa ya zama gari ko ya yi danƙo. Soso ɗaya kuma ba ya gama mota. Ka tanadi huɗu ko biyar, kana goge shi da burushi bayan kowane sashe, domin idan ya cushe da mai da garin kiliya shi ma karce yake yi.

Motocin Kwatano da yawa an taɓa sake wa wata ƙofa ko bamba fenti, kuma irin wannan wurin ba ya amsa goge kamar sauran jikin, don haka a gwada shi daban. Idan ka ga soso ya ɗauko launin motar, ko dai fentin ba shi da kiliya tun asali, ko ka huda ta. Ka tsaya nan take.

Bayan an gama ka shafa kakin mota ko silant, wato man kare fenti. Sai ka hana a share mata ƙurar hunturu da busasshen tsumma, daga nan yawancin karcen yake. A fara watsa ruwa, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soson wanki, kuma tsumman taya kada ya taɓa jikin mota.