Kafin ka tura firiji Gombe

Wani ɗan'uwa ɗan asalin Jekadafari a Gombe, wanda ke kammala digirinsa na biyu a Ingila, ya rubuto yana cewa saura wata 4 bizarsa ta karatu ta ƙare, kuma ya tara kimanin fam 3,000 daga aikin da yake yi a wani rumbun kaya. Yayansa ya hana shi sakat a waya, yana cewa abin kunya ne a ce Hajiya tana da ɗa a Turai amma har yau tsohon talabijin mai ƙaton baya ne a falonta, ga firiji ya shekara 2 a mace. Wani ejan kuma ya ce zai haɗa masa firiji da talabijin na hannu a kwantena a kai har ƙofar gida. Yana tambaya ko jinkirin da yake yi rowa ce.

Ɗan'uwa, ba rowa ba ce, kuma ina so ka fara da lissafin da ka riga ka sani amma surutun gida ya sa ka kau da kai daga gare shi. Bizar da ake ba waɗanda suka kammala karatu, wadda za ka nema in kana so ka ci gaba da zama a can, daga cikin ƙasar ake nemanta, tun ta karatu tana da rai, kuma sai jami'arka ta sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya cewa ka gama. Kuɗin lafiya da ake biya tare da ita ya koma fam 1,035 a shekara tun watan Fabrairun 2024, kuma ba a biyansa kashi-kashi, na shekara 2 gaba ɗaya za ka ajiye, wato fam 2,070, sannan kuɗin neman bizar kansa ya haura fam 800. Ka ga ke nan abin da kake kira ajiya ba ajiya ba ce, kuɗi ne da ya riga ya sami mai shi. Idan ka taɓa shi, za ka iya samun kanka kana neman cike giɓin ta hanyar wuce awa 20 ɗin da aka yarje wa ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma na ga yaran da wannan ya jawo musu aka soke biza ana saura kaɗan su gama.

Batun ejan kuwa, ka rabu da shi tun yau. Firiji na hannu da na'urar sanyaya ɗaki ta hannu suna cikin kayan da hukumar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigowa da su, kuma duk wanda ke wannan sana'a ya sani. Wanda ya ce maka ba matsala, to yana nufin zai cusa shi ne a bayan wasu kaya ya rubuta wani abu daban a takarda, in an kama kuma asararka ce. Akwai wani da na sani daga Bauchi da ya biya irin wannan kuɗi. Wata 5 yana jin "kaya suna Apapa", wato tashar jiragen ruwa ta Legas, sai aka nemi ƙarin kuɗin ajiyar tasha, ya tura, aka sake neman na mota zuwa Arewa, ya tura. Abin da ya iso Bauchi daga ƙarshe talabijin ne mai tsagaggen gilashi, an naɗe shi da tsohon bargo, firijin kuwa har yau ba a san inda ya kwana ba, ga shi babu rasit ko ɗaya mai sunan kamfani, sai saƙonnin WhatsApp. Cinikin biri a sama ke nan.

Ko da kuɗin yana hannunka a sake, da ba talabijin zan ce ka fara da shi ba. Ka tambayi Hajiya da kanka, ba ta bakin Yaya ba, awa nawa suke samun wuta a rana, kuma me ya kashe firijin farko. Sau da yawa wutar da ke zuwa da rauni ko ta dawo da ƙarfi farat ɗaya ce ke ƙona kwamfuresa, wato injin da ke sa firiji sanyi, saboda haka sabon firiji ba tare da sitabilaiza ba zai bi sahun tsohon. Mai yiwuwa ma tsohon gyara kawai yake so, a kira mai gyara ya duba ko gas ne ya zube ko kwamfuresa ce, ya faɗi kuɗinsa a gaban wani da ka amince da shi. Kuma duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Gombe ya san abin da dattijuwa ke buƙata da daddare fanka ce mai juyawa da ƙwan fitila, ba hoto mai faɗi a bango ba. Fanka mai caji da ƙaramin sola da zai ɗauki fitilu da cajin waya abu ne da za ka iya yanzu ba tare da ka taɓa kuɗin biza ba. Solar da za ta ja firiji wani babi ne daban, domin firiji yana zuƙar wuta mai yawa a lokacin tashi, yana buƙatar babbar inbata, ga batura da zafi ke rage musu kwana, kuma sauya su nan gaba a wuyanka zai faɗo. Duk abin da za a saya, a saye shi a Gombe, a shagon da zai ba da rasit da garanti, inda in ya lalace ƙaninka zai ɗora shi a Keke Napep ya mayar.

Yanzu Yaya. Ba zan ce ka yi masa rashin kunya ba, babba ne, amma ka lura cewa a duk wasiƙarka babu inda Hajiya ta ce talabijin ɗinta ya dame ta. Tana kallon tafsirinta a kansa, tana jin labarai a rediyo. Kunyar da ake magana a kai ta majalisa ce, inda ake cewa ɗan gidan wane ya turo kaza. Haƙƙin uwa yana kan dukan 'ya'yanta, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma wanda yake gida yana cin abinci a tukunyarta ba shi da hujjar ɗora wa ɗalibi mai biyan hayar ɗaki da fam dukan nauyin. Abin takaici shi ne, irin waɗannan 'yan'uwa su ne kan fara cewa "me ya tsinana a can" ranar da mutum ya dawo babu takarda.

Ka kira Hajiya a lokacin da ka san Yaya ba ya gida. Ka faɗa mata adadin kuɗin da za ka biya da ranar da bizarka za ta ƙare, ka nemi addu'arta, ka ce mata fanka da fitila suna tafe a wannan watan, firiji kuma sai bayan ka sami amsar bizar. Daga nan ka kira Yaya ka sanar da shi abin da kuka tsayar da ita, ka roƙe shi ya nemo mai gyaran firijin ya turo maka hoton abin da aka ce ya lalace.