Amosanin fuska: me ke kawo shi, kuma yaya ake shawo kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce, shekaruna 29, ina zaune a Unguwar Rogo a nan Jos. Shekara biyu ke nan gefen hancina da girata da bayan kunnuwana suna yin wani ɓawo fari mai maiƙo-maiƙo, ga ƙaiƙayi, kuma wurin ya yi haske fiye da sauran fuskata. Da hunturu abin ya fi tsanani. Surukata ta ce ƙyasbi ne. Na sayi wani man shafawa a kemis, in na shafa kwana uku sai ya ɓace, in na daina sai ya dawo fiye da da. Yanzu har ƙuraje sun fara fito mini. Mene ne wannan, kuma yana warkewa kuwa? Ina goyo, ko jaririna zai iya ɗauka daga wurina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana yaro. Ciwon fata sai an gani da ido kafin a yanke hukunci, amma wuraren nan da kika lissafa sun nuna hanya. Ɓawo mai maiƙo a lungun hanci da gira da bayan kunne, wanda yake lafawa ya dawo, mafi yawan lokuta amosanin fuska ne, abin da muke kira seborik damataitis a asibiti. Shi da amosanin kai uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ki duba tsagar kitsonki da kyau, da wuya ki rasa farin gari a fatar kai.

Abu uku ne ke haɗuwa su haifar da shi. Fatar mutum tana da ƙananan mafitar maiƙo, kuma sun fi yawa a kai, da tsakiyar fuska, da kunne, da ƙirji. A waɗannan wuraren akwai wata ƙwayar halitta dangin yis mai suna Malaseziya, wadda take zaune a fatar kusan kowane baligi, mai ciwo da marar ciwo. Abincinta maiƙon nan ne. Idan ta ci, takan farfasa shi ta bar wasu sinadarai a kan fata. Fatar wasu ba ta damuwa da su ko kaɗan, ta wasu kuwa sai ta fusata, ta kumbura, ta riƙa sabunta kanta da gaggawa, matattun ƙwayoyin fata su taru su zama ɓawon da kike gani. Saboda haka ba ƙazanta ba ce, ba kuma wani ne ya shafa miki ba. Ina jaddada wannan domin mata da yawa sukan zo mana sun dirje fuska da soso da sabulu mai ƙarfi har ta yi ɗanye, suna zaton datti ne, alhali dirzar ce ke ƙara hura wutar.

Surukarki ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ƙyasbi ma wannan ƙwayar ce ke kawo shi, sai dai shi ya fi fitowa a baya da ƙirji da wuya, tabo-tabo ne masu laushin gari, kuma ba kasafai yake ƙaiƙayi sosai ba. Abin da ke rikita mutane shi ne launi. A jikin farar fata amosanin fuska ja yake yi, a fatarmu kuwa jan ba ya fitowa sosai, sai wurin ya kwashe ya yi haske. Hasken nan ba na dindindin ba ne. Idan kumburin ya kwanta launi yana dawowa, amma a hankali, daga makonni zuwa 'yan watanni.

Batun hunturu ma gaskiyarki ne, kuma Jos ta fi yawancin garuruwan ƙasar nan sanyi. Garin yana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da ɗoriya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, sanyi ya sauko. Kowa ya koma wanka da alwala da ruwa mai zafi sosai, sannan a labta mai a fuska don kada ta yi furu-furu. Ruwan zafin yana yayyage kariyar fata, man zaitun da man kwakwa kuma abinci ne ga ƙwayar. Rashin barci da damuwa da gajiya su ma suna tayar da shi, mai goyo kuwa ba sai an gaya mata rashin barci ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato man da kika saya a kemis. Ki ɗauko kwalin ki karanta ƙananan rubutun da ke gefe. Idan kika ga kilobetasol ko betametazon, to sinadarin siteroyid mai ƙarfi kike shafawa a fuska. Irin mayukan nan masu haɗi uku, siteroyid da maganin yis da maganin ƙwayoyin cuta a bututu ɗaya, sun cika kemis-kemis da shagunan kayan kwalliya daga Taminus da ke tsakiyar Jos har cikin unguwanni, ana ba da su ga duk wanda ya ce fatarsa na ƙaiƙayi. Siteroyid yana kashe kumburi nan take, shi ya sa cikin kwana uku kike ganin fuska ta yi sumul. Amma fatar fuska siririya ce, ba ta jure shi. Idan aka ɗauki watanni ana shafawa sai fata ta yi shara-shara, ƙananan jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso musamman kewayen baki da hanci, wani lokacin har gashi ya fito a kumatu, fuska ta yi fari irin na mai bilicin alhali wuya yana nan da launinsa. Ƙurajen da kika ambata sun yi kama da wannan. Ranar da aka daina kuma ciwon ya taso da fushi, mutum ya koma kemis, a haka ake shekara ana zagaye wuri ɗaya. Idan shafawar ba ta wuce mako biyu ko uku ba, ki ajiye shi kawai. Idan kuwa watanni kika yi, kada ki yanke rana ɗaya. Ki ga likita ya sauko da ke sannu a hankali zuwa mai sauƙi, kuma ki sa a ranki cewa makonnin farko fuska za ta ɗan yi tawaye kafin ta daidaita.

Maganin da ya dace ba shi da tsada. Ginshiƙinsa man shafawa ne mai rage yawan ƙwayar, ketokonazol mai kashi 2 cikin 100, sau ɗaya ko sau biyu a rana, na mako biyu zuwa huɗu. Idan ba a samu ba, kilotirimazol mai kashi 1 ko mikonazol mai kashi 2 suna aiki, muddin su kaɗai ne a bututun, ba a gauraya su da wani abu ba. Kaɗan za ki lakata a kan yatsa, ki murza a lungun hanci, cikin gira, da bayan kunne. Ki zaɓi lokacin da ruwa ba zai wanke shi nan da nan ba, bayan sallar asuba da bayan isha'i sun fi dacewa. Idan ƙaiƙayin ya yi yawa, likita na iya ƙara miki haidirokotizon mai kashi 1, wanda shi ne mafi sauƙi a dangin siteroyid, na kamar mako ɗaya kawai sannan a ajiye shi. Ga wadda fuskarta ta riga ta sha wahalar siteroyid, akwai takrolimus da pimekrolimus, masu kwantar da kumburi ba tare da sirantar da fata ba. Sukan ɗan yi raɗaɗi a kwanakin farko, sun fi tsada, kuma sai da takardar likita.

Kada a manta da kai, domin daga can abin yake saukowa fuska. Shamfu mai ketokonazol kashi 2, ko mai seleniyom salfaid, sau biyu a mako na wata ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba a ɗauraye nan take. A cuɗa shi a fatar kai, a shafa kumfar a gira da gefen hanci da bayan kunne ba tare da ta shiga ido ba, a bar shi minti 3 zuwa 5, sannan a wanke. Na san wannan yana da wuya ga mai ƙananan kitso da ke son ya kai wata guda. Shawarata ki yi manyan kitso masu sauƙin tsifa har ciwon ya lafa, ki rage man kitso a kan fatar kai, kuma kada ki ɗaura ɗankwali ko ki sa hijabi a kan jiƙaƙƙen gashi. Maza masu gemu da saje su ma haka za su yi da kumfar, su cuɗa har ta kai ga fata.

Sauran kula ba ta da yawa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu marar ƙarfi, a tsane fuska da tawul ba tare da gogawa ba. Lemun tsami da toka da man goge baki da ake ba mutane shawara su shafa, ƙona fata kawai suke yi. Idan fuska ta bushe, ɗan basilin kaɗan ko man shafawa marar turare ya wadatar, domin ƙwayar ba ta cin basilin. Hoda mai nauyi kuma a ɗan huta da ita.

Kin tambaya ko yana warkewa. Gaskiyar magana, ana shawo kansa ne, ba a tumɓuke shi gaba ɗaya. Kamar ciyawa ce a gona, an nome ta fes, amma lokacinta na zuwa za ta sake tsirowa. Dabarar ita ce bayan fuska ta washe ki ci gaba da shamfun sau ɗaya a mako, ki ƙara ƙaimi tun daga ƙarshen Oktoba kafin iskar hunturu ta kankama, kuma da zarar kin ga ɓawo ya leƙo ki koma kan man ketokonazol na 'yan kwanaki. Masu yin haka sukan yi watanni ba su tuna da shi ba. Maganin sha irin su itirakonazol sai ga wanda nasa ya gagara, a ƙarƙashin kulawar likita, kuma ba a ba mai juna biyu. Ƙwayar ketokonazol ta sha kuwa kada ki kusance ta, tun a 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka ja kunne a kanta saboda tana illata hanta.

Idan kin yi mako huɗu kina bin wannan tsari ba ki ga canji ba, ki je sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ki tafi da duk mayukan da kika taɓa shafawa a jaka. Akwai cututtukan da ke kama da wannan, kamar soriyasis, da makero, da lufus. Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓawa ko tsinin allura kuwa, wannan a gwada shi don kuturta ba tare da jinkiri ba, maganinta kyauta ne kuma tana warkewa. Haka nan idan amosanin ya taso farat ɗaya da ƙarfi ya bazu zuwa ƙirji da hamata, muna yin gwajin HIV, domin ciwon ya fi tsanani ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Wannan ba zargi ba ne, yawancin masu amosanin fuska lafiyarsu ƙalau.

Jaririnki kuma, ki rungume shi ki sumbace shi yadda kike so, ba a ɗaukar wannan ciwo. Sai dai ki wanke hannu bayan shafa magani, kada ya taɓa bakinsa ko idonsa. Idan kika ga ɓawo mai ruwan ɗorawa a tsakiyar kansa a watannin farko, nasu na jarirai ne, ba daga gare ki ya samu ba. Ki ɗan shafa basilin ya yi laushi, ki wanke da shamfun yara, ki taje a hankali ba tare da ɓamɓarewa da farce ba. Yawanci yakan tafi da kansa kafin yaro ya cika shekara.