Amsa ga Yaya kan oba-oban gonar Baba

Assalamu alaikum. Yaya, barka da warhaka, ya gida ya yara? Na ji saƙonki tun da rana, ina kan aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Na ce bari in yi maganar a nan gurup ɗin kowa ya ji, don na ga Kawu ma ya ce zai sa hannu a kuɗin.

Abin da na fahimta, kina so a saya wa su Baba oba-oba, wato 'yar rediyon hannu da ake magana da juna da ita, saboda idan sun shiga gona sabis ba ya kamawa, Inna ta yi ta kira shiru, hankalin kowa ya tashi. Kuma kin ce mai shagon ya nuna miki kwali an rubuta kilomita 50, har kina lissafin ki ajiye ɗaya a wajenki a Kano ki riƙa jin su kai tsaye daga Kura. To Yaya, wannan na biyun ki cire shi daga ranki tun yanzu. Na farkon, wato daga gida zuwa gona, zai iya yiwuwa, amma da sharaɗi.

Kin ga waya, idan kin kira, muryarki hawa take yi kan ƙarfen sabis, kamfani ya ɗauke ta ya kai ta duk inda mutum yake. Oba-oba ba ta da wannan gatan. Daga eriyarki zuwa eriyar wancan ne kawai, babu ɗan aike a tsakani. Shi ya sa ba ta neman kati, ba ta neman data, ko an kashe sabis tana aiki. Kuma shi ne dai ya sa ba ta zuwa nesa. Ki ɗauke ta kamar hasken tocila: miƙe yake tafiya, abin da ya tare shi ya rage shi. Mutum yana tsaye da ita a hannu, ko fili ne fetal babu ko bishiya ɗaya, wajen kilomita 5 ƙasa ta lanƙwasa ta ɓoye shi. Idan ku biyu ne kowa a tsaye, a haɗa naki da nasa, kusan 10 ke nan, kuma wannan a takarda ne. A cikin gari, inda ga gini ga katanga ga rufin kwano, kilomita 1 zuwa 2 in kin samu ki gode Allah. Lambar da ke kan kwalin nan, sai dai in ɗaya ya hau kan dutsen Dala ɗaya kuma yana kan wani tsaunin suna hangen juna. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma ba rayuwar mutane ba ce.

Kuma kar mai shagon ya ruɗe ki da maganar wat, wato ma'aunin ƙarfinta. Za ki ji ana cewa wannan wat 5 ce, waccan 8, wata ma 10. Ko a sarari, sai an ninka ƙarfi sau 4 kafin nisan ya ninka sau 2, ga cin batir. Tsawo shi ne magana. Eriyar da aka ɗaga mita 10 sama tana hangen wajen kilomita 13. Saboda haka ni in kuɗina ne, ba zan sayi mai tsada ba. Zan sayi matsakaiciya, ragowar kuɗin in sa eriyar waje a kan dogon ƙarfe a gida, kamar yadda ake ɗaura ta talabijin, a jawo wayarta zuwa tsakar gida inda Inna take zama. Wayar ma kar a sayi ta banza, kuma kar ta yi tsawo fiye da kima, don a cikinta ƙarfin yake zubewa.

Yanzu gonar Baba. Alherin da muke da shi, ƙasar wajen Kura da Kadawa shimfiɗaɗɗiya ce, ba irin ta Dutse ba da duwatsu suke tare ko'ina. Daga gida zuwa gonar shinkafar nan ta bakin kanal ina sa ran za ta kai. Wadda nake shakka ita ce ta fadamar can, don a kwari take, ga mangwarori sun kewaye ta. Idan Baba yana ciki bai ji ba, sai ya fito ya hau kan gaɓar kanal ya yi magana. Wani lokacin taku goma kawai za ka matsa, muryar da take shhh ta fito tas.

Sannan ga wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. Gwajin da aka yi da rani ba shi ne na damina ba. Da rani gona a share take, ba abin da zai tare. Bari dawa ta yi tsawo ta wuce kan mutum, bishiyoyi su cika da ganye, ga laima, za ki ga nisan ya ragu. To ku yi ciniki da mai shagon cewa za a je a gwada, in ba ta kai ba a dawo masa da kayansa. Gwajin kuma a yi shi a ainihin inda Baba yake tsayawa, ba a ƙofar shago ba. In da rani aka gwada muryar tana zuwa da ƙyar, ku sani da damina ba za ta zo ba.

Iri kuwa, wadda ta cika kasuwa ita ce Baofeng. Akwai BF-888S, mai tasha 16, babu allo, murɗawa kawai ake yi. Akwai UV-5R mai allo da madannai, tana kama zangon tashoshi iri biyu, VHF daga 136 zuwa 174, da UHF daga 400 zuwa sama, har rediyon FM tana da shi. A daji da fili VHF ta fi miƙewa, a cikin gine-gine UHF ta fi kutsawa. Amma wa Baba ni BF-888S ɗin zan zaɓa. Kin san halin jikokinsa. Mai madannai, yaro ɗaya ya taɓa ta minti biyu, shi ke nan an bar tashar, Baba yana can yana ta magana shi kaɗai. Mai murɗawa kuwa, a sa jan fenti a kan lambar da aka yarda da ita, ko Inna ba gilashi za ta gane.

Yauwa, ku saye su tare, wuri ɗaya, rana ɗaya. Tasha ta 3 a wannan ba dole ba ce ta zama tasha ta 3 a waccan, ko da sunan kamfanin ɗaya ne. Ana saita su ne da kwamfuta da wani ɗan kebul, akwai manhajar da ake kira CHIRP, kyauta ce. Wannan ku bar min, in na zo zan daidaita su. Kawu, na ji ka ce za ka sa a aiko da wasu daga waje, Allah Ya saka da alheri, amma a kula. Na Amurka, waɗanda suke kira FRS, a 462 da 467 suke, tasha 22. Na Turai, PMR446, a 446 suke, ƙarfinsu rabin wat ne kacal. Ba sa jin juna. In aka kawo biyu daga can biyu daga can, an yi asara. Akwai kuma wasu masu kamar oba-oba amma layin waya ake sa musu, su ne za a ce miki suna kaiwa har Legas. Gaskiya ne suna kaiwa, amma da sabis suke aiki, to mun koma gidan jiya ke nan.

Yadda ake magana da ita ma sai an koya wa mutane, don ba waya ba ce da kowa zai yi ta zuba lokaci ɗaya. Ka danna maɓallin gefe, ka ɗan jira kamar numfashi ɗaya, sannan ka yi magana, in ba haka ba kalmar farko ta yanke. Ka gama ka ce oba, ka saki. Muddin yatsanka yana kai, ba ka jin kowa. Wannan gaisuwar tamu ta ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mutanen gida, a taƙaita ta, don magana ita ce take cinye batir, saurare ba ya ci sosai. A riƙe ta a tsaye, eriya sama, ba a kwance kamar yadda yaran yanzu suke riƙe waya ba. Kar a ɗauke ta ta eriya, kuma kar a danna magana in an cire eriyar, tana iya ƙonewa.

Abin da ya fi amfani ma, a sa lokaci. Misali bayan azahar da bayan la'asar kowa ya tabbatar tasa a kunne take, a ji lafiyar juna. A kuma yi yarjejeniya: in aka kira a lokacin ba amsa, aka sake bayan minti 15 ba amsa, yaro ya hau mashin ya je ya duba. In ba a yi haka ba, Inna za ta kira, Baba ya rataye ta a jikin bishiya yana can ƙarshen gona, tashin hankalin ya fi na da. Caji kuma kullum da daddare a kan solar gida, a sayi batir ɗaya na ajiya, kar a bar ta a rana ko cikin mota a rufe.

To ga maganar da nake so kowa ya buɗe kunne. Oba-oba ba ta da sirri. Duk mai irinta da ke kusa, in ya faɗa kan tasharku, yana jin komai. Za a ce miki akwai lambar sirri da ake sawa, CTCSS. Wannan ba ta hana kowa jin ku, ku take hanawa jin hayaniyar wasu. Saboda haka babu maganar an sayar da buhu kaza, babu maganar kuɗi suna gida, babu Baba zai taso ƙarfe kaza shi kaɗai ta hanya kaza. A yanayin da ake ciki wannan ba wasa ba ne.

Haka ma ɓangaren hukuma. Tashoshin iska na gwamnati ne, hukumar sadarwa ta NCC da ma'aikatar sadarwa su ke da hurumin ba da izini, kuma cewa an halatta wata tasha kyauta a Amurka bai halatta ta a nan ba. A tambaya kafin a fara, musamman in za a ɗaga eriya. Kun tuna a watan Satumba na 2021 da aka rufe sabis a Zamfara, daga baya ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Kuma kuna ji a labarai, idan sojoji suka lissafa kayan da suka ƙwace a daji, sau da yawa har da oba-oba a ciki. To jami'in da ya gan ta a jakarka a shingen bincike ba zai fara tunanin gonar shinkafa ba. A ajiye rasit. A sanar da mai gari, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da 'yan sintiri cewa gidan wane suna da ita don gona. Ta zauna tsakanin gida da gona, kar wani ya ɗauke ta ya yi doguwar tafiya da ita don burgewa. Ku samarin gidan nan da ku nake. Kuma in kun ji maganar jami'an tsaro ko ta wani kamfani a wata tasha, ku bar wajen, kar ku sa baki.

Inda za ta ƙara yi mana rana shi ne taro. Ranar hawan Daushe, ko biki, ko in an yi ayarin motoci za a kai amarya, lokacin da mutane suka yi yawa kira ya ƙi shiga. A nan nisan ɗan kaɗan ne, motar gaba da ta baya, ko wanda ke riƙe da yara da wanda ya je neman wajen ajiye mota. Sai dai a hayaniya a haɗa da abin kunne, in ba haka ba ba za a ji komai ba.

Saboda haka Yaya, shawarata guda 3 za a saya: ɗaya gida, ɗaya Baba, ɗaya wajen yaron da yake kula da injin ban ruwa. Ke kuma ki ci gaba da kiran Inna a waya, ita ta ba ki labari. Kar ki ba mai shagon kuɗi tukuna, ki ɗauko min hoton kwalin gaba da baya, da na batirin, ki turo min. Asabar in Allah Ya kai mu zan shigo Kura da kwamfutar. A gaida su Inna.