Sun ce in turo musu kwas ɗina a SCORM, na tura ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai horar da ƙananan 'yan kasuwa ce a Zariya kan rubuta lissafin shiga da fita. Na haɗa kwas da Hausa a wani dandalin intanet, darussa 12 da bidiyo da jarrabawa a ƙarshe. Yanzu wata ƙungiya tana son ta sa shi a nata dandalin, wai Moodle suke amfani da shi, sun ce in turo musu a SCORM. Na danna wurin fitarwa, na tura musu fayil ɗin, sai suka ce ya ƙi karɓuwa. Ina matsalar take? Kuma makin ɗalibaina na baya zai bi kwas ɗin zuwa can? Sannan ina tsoron kada su kwafe mini aikin su daina nemana.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Tambayoyi uku kika jero, kuma ta ƙarshen ce ta fi nauyi, amma bari mu fara da fayil ɗin da ya ƙi karɓuwa, tunda shi ne ya hana ki barci.

Ki buɗe fayil ɗin zip da kika tura musu ki duba abin da idonki zai fara gani. In kika ga folda guda ɗaya tilo, wadda sai kin shiga cikinta sannan ki tarar da sauran kayan, to ga dukkan alamu nan gizo ke saƙar. SCORM ƙa'ida ce ta ƙunshe kwas a fayil ɗin zip ɗaya don ya yi aiki a dandali dabam-dabam, kuma a cikin kowane ƙunshin SCORM akwai wani ƙaramin fayil mai suna imsmanifest.xml, shi ne takardar rakiyar kaya: yana gaya wa dandalin da ya karɓa sunan kwas ɗin, da shafin da za a fara buɗewa, da jerin fayilolin da ke ciki. Ƙa'ida ita ce wannan fayil ya kasance a bakin ƙofa, ba a cikin wata folda ba. Abin da ya fi faruwa shi ne mutum ya sauke ƙunshin, ya warware shi don ya leƙa, sannan ya sake matse foldar gaba ɗaya, sai takardar rakiyar ta koma ɗaki na biyu. Masu kwamfutar Mac ma sau da yawa ba laifinsu ba ne, burauzar Safari ce kan warware zip da kanta da zarar an sauke shi. Ki sake fitar da kwas ɗin, kada ki taɓa cikinsa, ki tura yadda ya fito.

Idan takardar tana wurin da ya kamata, abu na biyu da zan zarga shi ne girman fayil. Kowane Moodle yana da iyakar abin da za a iya ɗorawa a lokaci ɗaya, kuma mai kula da sabar, wato kwamfutar da dandalin ke zaune a kanta, shi ne ke sa wannan iyaka. Darussa 12 masu bidiyo ba ƙaramin kaya ba ne. Ki tambaye su iyakarsu, su ɗaga ta ko ke ki rage nauyin bidiyon. Mai koyon lissafi a allon waya ba ya buƙatar hoto irin na silima, abin da yake buƙata shi ne lambobin da ke cikin littafin su karantu.

Abu na uku shi ne wane SCORM kika zaɓa, domin ba guda ɗaya ba ne. Wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna ADL ne ya fito da shi, saboda sun gaji da biyan kuɗin horon da ke aiki a dandali ɗaya ya ƙi aiki a wani. SCORM 1.2 ya fito a 2001, sai SCORM 2004, wanda aka yi wa gyare-gyare har zuwa bugu na huɗu a 2009. Mutum zai ɗauka sabon ya fi, sai ya zaɓe shi. Amma Moodle da 1.2 ya saba, shi yake tafiyarwa cikakke, na 2004 kuwa wani sashe kawai yake ɗauka, musamman ba ya bin dokokin jera darussa da ke cikinsa. Tunda Moodle suka ce miki, ki zaɓi 1.2.

To, ko da ya buɗe, aiki bai ƙare ba, kuma a nan ne nake so ki tsaya ki fahimci abin da kika tura. Ƙunshin SCORM shafukan intanet ne da bidiyo da hotuna, tare da wani ɗan aike, wato ƙaramin shirin kwamfuta da aka rubuta da harshen JavaScript. Ɗalibi ya buɗe kwas, ɗan aiken ya yi sallama da dandali, ya karɓi sunan ɗalibin da inda ya tsaya jiya. Ɗalibi ya yi jarrabawa, ɗan aiken ya kai maki. Ɗalibi ya fita, ɗan aiken ya yi ban kwana, a rubuta komai. Iyakar abin ke nan. A SCORM 1.2 gurbi ɗaya ne tak na rubuta matsayin ɗalibi, ko dai a ce ya kammala, ko bai kammala ba, ko ya ci, ko ya faɗi. Saboda haka lokacin fitarwa za a tambaye ki da me za a auna kammalawa: da yawan shafukan da aka buɗe ko da makin jarrabawa? Kada ki zaɓa ke kaɗai. Ki tambayi ƙungiyar da me suke ba da takardar shaida. Na taɓa ganin horon da ma'aikata suka gama kaf, suka ci jarrabawa, amma rahoto ya nuna ba wanda ya cika sharaɗi, domin kwas ɗin yana aika "ya kammala" dandalin kuma an saita shi yana jiran "ya ci". Sati guda aka yi ana zargin juna kafin a gano kalma ɗaya ce ta haddasa rigimar. SCORM 2004 ya raba waɗannan biyun, kammalawa da gurbinta, ci ko faɗuwa da nasa, amma kin ji halin da yake ciki da Moodle.

Akwai kuma wata ƙaramar jaka da kwas ke ajiye bayanin inda ɗalibi ya tsaya. A 1.2 haruffa 4096 kawai ƙa'ida ta ba ta, alhali a bugu na uku na 2004 an faɗaɗa ta zuwa 64,000. Dogon kwas kan cika jakar, sai ɗalibi ya kai darasi na tara, ya dawo washegari ya ga an mayar da shi baya. Da ni ce ke, da na raba darussan 12 zuwa ƙunshi uku ko huɗu. Fayilolin za su yi sauƙin ɗorawa, jakar ba za ta cika ba, kuma in gyara ya taso a darasi ɗaya ba sai kin sake tura duka ba.

Tunda da Hausa kika rubuta, ki lura da ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon haruffa (font) ne ke da su ba, kuma in salon da kika zaɓa bai bi ƙunshin ba, wayar ɗalibi za ta cike gurbin da wani salo dabam ko ta nuna ɗan akwati. Sunayen fayiloli kuwa ki bar su da haruffa marasa lanƙwasa, ba tazara, ba alamar ɗauri.

Game da makin ɗalibanki na baya, amsar gajera ce: ba zai bi ba. Ƙunshin darasi ne zalla, ba ya ɗauke da sunan kowa, ko makinsa, ko hirar da aka yi a zauren tattaunawa, ko takardun shaidar da kika bayar. Waɗannan na dandalinki ne. Haka ma fayil ɗin Common Cartridge, mai ƙarewa da .imscc, wanda wani dandalin koyo mai suna Canvas ke fitarwa: darussa da tambayoyi yake kaiwa, ba ɗalibai ba. Inda bayanan ɗalibai ke iya tafiya tare da kwas shi ne daga Moodle zuwa Moodle, ta fayil ɗin ajiya mai ƙarewa da .mbz, kuma ba wannan ne halinki ba. In ƙungiyar na son sanin waɗanda suka riga suka gama, sai ki fitar da jerin a takardar Excel su shigar da hannu. Kafin ki yi haka ki nemi yardar ɗaliban, domin sunayensu da lambobin wayarsu amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan miƙawa.

Yanzu ga tsoronki, kuma ba zan ce miki ba shi da tushe ba. Duk wanda ke riƙe da zip ɗin zai iya warware shi ya kwashe bidiyon, ko ya ɗora shi a dandali goma ba tare da kin sani ba. SCORM ba shi da kwaɗo. Ba za ki ga yawan waɗanda suka shiga ba, kuma ranar da kika gyara wani darasi, nasu zai ci gaba da zama tsoho har sai kin sake turawa.

Hanya biyu ake bi a riƙe kaya a gida. Ta farko ita ce a ba su ƙunshin da ba kaya a cikinsa sai nuni: Moodle ɗinsu yana ganinsa kamar SCORM na yau da kullum, yana karɓar maki, amma darussan suna zaune a sabar da ke hannunki, kina iya ƙayyade yawan ɗalibai ko ki rufe ranar da yarjejeniya ta ƙare. Kamfanin Rustici Software yana yin wannan a dandalinsa na SCORM Cloud da sunan Dispatch, kuma da kuɗi ne. Ta biyu ita ce LTI, ƙa'idar da ƙungiyar 1EdTech ke kula da ita, wadda a da ake kira IMS Global. Ɗalibi zai danna daga Moodle ya faɗo cikin dandalinki ba tare da sabon rajista ba, makinsa kuma ya koma musu. Moodle yana karɓar LTI 1.3, saura ki bincika ko naki dandalin yana bayarwa. Za ki kuma ji ana ambaton xAPI da cmi5, waɗanda aka yi don su gaji SCORM, amma suna buƙatar ma'ajiyar bayanai ta musamman, kuma ƙungiyar ba su ta nema ba.

Sai dai hanyoyin nan biyu duk suna buƙatar intanet a kowane lokaci. Manhajar Moodle ta waya kuwa tana iya sauke ƙunshin SCORM 1.2, ɗalibi ya yi karatu ba data, makin ya tafi daga baya in ya samu sabis. Idan waɗanda za a horar matan karkara ne masu sayen data ta kwana ɗaya, wannan ba abin rainawa ba ne, kuma ni a irin wannan hali na fi son in ba da zip cikakke in kare kaina da takarda. Ki rubuta yarjejeniya: mutum nawa, shekara nawa, a wane dandali, ba a miƙa wa wata ƙungiya, kuma gyara da sabuntawa kuɗinsu dabam. Ki sa sunanki a jikin kowane bidiyo.

Kafin ki sake turawa, ki buɗe asusun gwaji na kyauta a SCORM Cloud ki ɗora ƙunshin. Ki shiga a matsayin ɗaliba ki ci jarrabawar, ki sake shiga ki faɗi da gangan, sannan ki tsaya a tsakiya ki rufe burauzar ba tare da danna fita ba, ki dawo ki ga ko ya tuna inda kika tsaya. SCORM Cloud yana nuna duk saƙon da ɗan aiken ya kai da wanda ya karɓo. In komai ya tafi daidai a can amma ya ƙi a Moodle ɗinsu, matsalar tana saitinsu, sai ki roƙe su su buɗe miki asusun ɗalibi ki maimaita gwajin nan uku a wayar Android irin wadda ɗalibansu ke riƙewa.