Amsa ga Malamar da aka ba firaktikal ɗin 'yan SS2

Wa alaikumus salam Malama. Kin ce an damƙa miki firaktikal ɗin kemistiri na 'yan SS2, ajin ya cika maƙil, kina tsoron kada wani yaro ya ji ciwo a hannunki, me za ki fi sa wa ido. Na daɗe ina wannan aikin a nan Kaduna, kuma wallahi tsoron nan naki shi ne daidai.

Ki fara da ruwa. Kafin ki buɗe kowace kwalba ki tabbata akwai ruwa ajiye a ɗakin, kar ki dogara da famfo, kin dai san halinsa a garin nan, yau ya zo gobe shiru. Ni ba na farawa sai an cika min bokiti da jarka an ajiye min buta a kusa, don in asid ya fantsama a idon yaro ba lokacin aika wani rijiya ba ne, nan take za ki kwantar da kansa gefe ki buɗe idon ki yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara cikin ɗaya idon. Zai yi kuka ya ce ya isa, kar ki tsaya. Sai bayan nan a wuce asibiti, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan ta wajen Mando, kuma a rubuta sunan sinadarin a tafi da shi don likita zai tambaya. Mutane asid kawai suke tsoro, alhali kostik soda, wadda mata ke haɗa sabulu da ita, ta fi shi ɓarna a ido, a fata kuma santsi kawai za a fara ji tana nan tana ci. In ƙunar wuta ce, ruwan sanyi minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma don Allah ki hana a shafa man goge baki ko manja ko ƙwai, sai an sami mai kawo wannan shawarar.

Asid mai ƙarfi kuwa bai kamata ya sauka kan bencin ɗalibai ba sam. Ke za ki sirka shi tun kafin su shigo, ki riƙa tsiyaya asid ɗin cikin ruwa kaɗan-kaɗan kina juyawa, ba ruwa cikin asid ba, musamman salfurik, zafin da yake tayarwa zai tafasa ruwan ya watso miki a fuska. Sai maganar fifet, siririn bututun da ake zuƙo ruwan sinadari a auna da shi, yawancinmu da baki muka koyi zuƙa lokacin WAEC, amma ba daidai ba ne, yaro na sauri iska ta shiga sai ki ga soda a bakinsa. Ki matsa a sayo robar zuƙa, ba ta kai kuɗin asibiti ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hijabi kusa da wuta. Yarinya za ta miƙa hannu ta ɗauko tes tub, 'yar kwalbar gwaji, ta saman bona, wato murhun gas na lab, gefen hijabin ya sauko bai ma taɓa jikinta ba balle ta ji, kuma yawancin yadin nan na roba ne, narkewa yake ya manne a fata. Ba cewa nake a cire ba, a'a, ki sa su zo da ƙarami ranar firaktikal, na auduga in da hali, su cusa shi cikin lab kot su ɓalle maɓalli har wuya. Maza su naɗe hannun riga, kuma ba mai shigar min da silifas. Ki nuna musu tun ranar farko in tufa ta kama wuta ba a gudu, kwanciya ake a yi birgima, a rufe mutum da bargo. Etanol kuma, sinadarin nan mai saurin kama wuta, a nesa da bona, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana.

Tiyon gas ki gwada shi da ruwan sabulu, in ya yi kumfa yoyo yake. In kin ji warin gas ki kashe silinda ki buɗe tagogi, kar a taɓa makunnin fitila. Ba ci ba sha a ciki, ko fiya wata. Kar a zuba sinadari a gorar lemo ko da na minti biyar ne, kuma ki gaya wa mai shara kada ta wanke sink da Hypo bayan an zubar da asid, iskar kulorin mai guba yake fitarwa.

Yawan ajin nan kuma ki je ki sami firinsifal kafin ranar, ki ce raba su za ki yi gida biyu ko uku, wasu yau wasu gobe, kuma a ba ki mai kula da lab ko wani malamin ya tsaya ta baya. Ki sa buƙatar a rubuce ki riƙe kwafi. Allah ya tsare, in kin tsara jadawalin ki turo mu duba tare.